Hasken Rana Ya Zama Sana'a: Abin Da Ke Jiran 'Yan Makarantar Betso Da Mubi

Mutumin da ya shekara biyar ko shida a kurmi bai leƙa gida ba, ran da Allah Ya nufe shi da komawa ƙasar Mubi zai tarar da wani baƙon abu bisa kwanon gidaje. Wasu faifai ne baƙaƙe masu sheƙi kamar madubi, an kafa su suna kallon sama, wani a kan masallaci, wani a kan rumfar mai cajin waya, wani kuwa a gindin tankin rijiyar burtsatse. Jama'a na kiransu sola. Aikinsu shi ne su sha rana su mai da ita wutar lantarki, ba mai, ba hayaƙi, ba ƙara. Ba kaɗan ba ne daga cikinsu aka saya da gumin 'yan gida mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal, watau ɗan abin da mai gadi ko ɗan acaɓa ko mai fataucin shanu ya tara ya aika, don tsohuwarsa ta daina kwana cikin duhu.

Aika kuɗin shi ne mai sauƙi. Abin da ya fi wuya shi ne samun hannun da ya san yadda za a haɗa kayan, da wanda za a kira in sun tsaya bayan wata shida. A nan ne wata sana'a ta ɓullo, wadda ya kamata iyayen da ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu daga nesa su dube ta da idon basira.

Betso ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa, tare da su Mijilu da Muchalla da Bahuli da Mayo Bani da Vimtim. Yanki ne na manoma da makiyaya wanda duwatsun Mandara suka yi wa katanga ta gabas, bayan duwatsun kuwa Kamaru ce. Ana noma dawa da masara da wake da gyaɗa. Dattawa sun san wannan ƙasa da sunan Lardin Sardauna tun bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, daga baya ta shiga Jihar Gongola cikin 1976, sa'an nan Adamawa cikin 1991. Yaron da ya gama sakandare a irin wannan wuri galibi hanyoyi uku ne a gabansa: ko gona, ko ya shiga Mubi neman karatu na gaba, ko ya hau motar kudu. Mutane da yawa sun bi ta ukun bayan 'yan Boko Haram sun shiga Mubi a ƙarshen watan Oktoba na 2014, aka watse, makarantu suka rufe. An ƙwato garin cikin watan Nuwamba na wannan shekara, amma ba kowa ne ya koma ba. Waɗanda suka kama acaɓa a Ikko kuwa sun ga yadda ta kaya, domin gwamnatin jihar ta hana wannan sana'a a ƙananan hukumomi shida daga ran 1 ga Yuni 2022, kana ta ƙara wasu huɗu cikin watan Satumba. Saboda haka tambayar abin da yaro zai koya ta daina zama maganar hira, ta koma maganar tuwo.

ABIN DA YA KAWO SOLA

Kamar yadda kowa ya sani, wutar gwamnati, wadda har gobe ake ce wa NEPA ko da yake an daɗe da rushe wannan hukuma, ba ta taɓa wadatar da ƙasar nan ba. Abin da manyan tashoshi ke turawa cikin layin ƙasa yana kai-komo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000, ga mutane fiye da miliyan 200. Bankin Duniya ya ƙiyasta cikin 2021 cewa mutum miliyan 85, watau kashi 43 daga cikin ɗari na jama'ar Nijeriya, ba su da wuta sam. Arewa maso Gabas kuwa ita ce a wutsiyar layi. Wutar da kamfanin rarraba wuta na Yola ke rabawa a Adamawa da Taraba da Barno da Yobe daga nesa take tahowa, ta Jos da Gombe, don haka in turke ɗaya ya faɗi a daji sai jihohi su kwana cikin duhu. Haka aka yi cikin watan Afrilu na 2024, sa'ad da maɓarnata suka kayar da turakun layin Jos zuwa Gombe, aka share makonni ana jira. Cikin Oktoba na wannan shekarar kuma yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda ba ƙyas.

A da janareta ke rufa wa mutane asiri. To, ran 29 ga Mayu 2023 aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000. Mai aski da mai cajin waya da mai sayar da ruwan sanyi duk suka zauna suka yi lissafi, suka ga janareta ya zama abokin tarayya mai cin riba da uwa. A bakin iyaka abin ya zo da sara biyu, domin samarin da ke cin abinci da kai fetur Kamaru su ma kasuwarsu ta ja baya.

A daidai wannan lokaci kuwa faifan sola ya yi araha irin wadda ba a taɓa gani ba. Tsakanin 2010 da 2020 farashinsa a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 daga cikin ɗari, saboda yawan masana'antun da ƙasar Sin ta gina. Wata cibiyar bincike mai suna Ember ta lissafta cewa cikin wata 12 da suka ƙare a Yuni 2025 Nijeriya ta shigo da faifan da ƙarfinsu ya haura megawat 1,700 daga Sin, ba wadda ta fi ta a Afirka sai Afirka ta Kudu. Mai karatu ya gwada wannan adadi da megawat 5,000 na layin ƙasa baki ɗaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan faifai sai an hau kwano an ɗaura shi, an ja masa waya, an haɗa shi da batir. Wannan aiki kuwa ba a yinsa daga Sin.

Daɗin daɗawa, Allah Ya hore wa Arewa rana. Kowace murabba'in mita ɗaya ta ƙasa a can tana samun hasken da ya kusa kilowat-awa 6 a wuni, a bakin teku kuwa, inda hadari ke rufe sama watanni da yawa, ba ya cika kai 5. Faifai iri ɗaya ya fi ba da wuta a Betso a kan Agege.

Masana sun daɗe da gane haka. Tun 1982 aka kafa cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Sakkwato, wadda ta gwada haskaka ƙauyen Kwalkwalawa da hasken rana tun jama'a na ɗaukar abin almara. Cikin Satumba 2019 aka buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, cikin Janairu 2023 kuma aka buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso. Jami'ar Modibbo Adama ta Yola tana cikin jerin jami'o'in da aka sa a zagaye na uku na shirin ba jami'o'i wutar sola, wanda hukumar kai wuta karkara, watau REA, ke gudanarwa. Cikin Disamba 2023 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 750 don kai wuta ga mutum miliyan 17.5 ta hanyar ƙananan tashoshi da solar gida. Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa Nijeriya za ta kai matsayin da hayaƙin da take fitarwa bai fi wanda take kawarwa ba nan da 2060, shirin da aka ƙaddamar cikin Agusta 2022 don cika wannan alkawari kuma ya yi hasashen sababbin ayyuka har 340,000 nan da 2030. Hasashe dai hasashe ne, kuma mutanen karkara sun ga alkawura iri-iri sun wuce. Abin da ya fi ƙarfin gardama shi ne faifan da ke kan kwanon maƙwabci.

LISSAFI KAFIN GUDUMA

Mutane da yawa na zaton aikin sola bai wuce hawa kwano da murɗa waya ba. Wannan zato shi ya cinye dukiyar bayin Allah da dama. Asalin aikin lissafi ne, kuma yaron da ya riƙe lissafin aji huɗu na sakandare zai iya shi.

Alal misali, a ce gida ne mai ƙwai huɗu, kowane wat 10, ana kunna su awa 5 da dare. Wannan ya ba da wat-awa 200. Fanka ɗaya mai wat 60 tana juyi awa 8, ta ci 480. Talabijin mai wat 50 na awa 4, shi ma 200. Cajin wayoyin gida a bar shi a 50. Jimla 930, a ce 1,000 don a bar sarari. Faifai mai wat 300, in ya sami rana mai ƙarfi ta awa 5, a takarda zai ba da 1,500, amma zafi da ƙura da asarar da ake yi cikin waya za su cinye wajen kashi ɗaya cikin huɗu, ya rage kamar 1,100. Ya isa ke nan. Sai batir. Babban batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, to amma batirin dalma ba a tatse shi ya wuce rabi, in ana so ya yi ƙarko. Abin da ake iya ɗiba 1,200 ne. Shi ma ya isa, da ɗan ragi.

Yanzu kuma a ce ɗan da ke Ikko ya sami buɗi, ya aiko da firiza don tsohuwa ta riƙa sayar da ƙanƙara. Firiza ita kaɗai tana iya cin abin da dukan gidan ke ci a wuni, ko fiye. Wata rana kuma yarinya ta jona dutsen guga mai wat 1,000. Batir zai riƙa kwana a tatse kullum, faifan ba ya iya cika shi kafin rana ta faɗi, cikin 'yan watanni ya mutu. Sai a bugo waya kudu a ce an sayar musu da jabu. Wataƙila jabun ne, domin akwai shi a kasuwa, har da faifan da aka manna wa takardar wat 300 alhali bai kai ba. Amma sau da yawa kayan lafiyarsu lau, lissafi ne ba a yi ba. Batir kuwa shi ne ya fi komai tsada cikin haɗin, mutuwarsa asarar guzurin watanni ce ga wanda ya aiko da kuɗin.

Ma'aikacin kirki ya san abubuwan da ba a rubuta a jikin kwali ba. Ya san Mubi tana sama da tsakiyar duniya da kimanin digiri 10, don haka faifai kudu zai fuskanta da ɗan karkata, yadda ruwan sama zai wanke shi ya gangara. Ya san inuwar reshen darbejiya ɗaya a kan kusurwar faifai tana iya karya ƙarfinsa ƙwarai. Ya san siririyar waya a tsakanin faifai da batir tana shan wuta ta yi zafi, har ta kai ga gobara. Ya san ba a haɗa faifai da batir kai tsaye sai ta cikin na'urar daidaita caji, kuma inbata, watau akwatin da ke mai da wutar batir irin ta NEPA, dole ƙarfinta ya dace da kayan da za a jona. Ya san zafin bazara na Maris da Afrilu abokin gabar batir ne, saboda haka ba a ajiye shi a ɗakin kwano marar taga. Ya san batir mai ruwa sai ana duba shi ana ƙara masa ruwan batir, ba ruwan rijiya ba. Ya san ƙasar duwatsu ƙasar tsawa ce, sai an binne ƙarfe an ba wutar aradu hanyar shiga ƙasa. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ke kwanciya a kan faifai daga Nuwamba zuwa Fabrairu ta rage masa ƙarfi, maganinta kuwa bai wuce ruwa da tsumma mai laushi da sassafe ba, amma sai an sami wanda ya gaya wa masu gida. Yanzu kuma ga batirin litiyam ya shigo, mai tsada amma mai daɗewa, wanda ake iya tatsa fiye da na dalma, shi ma da nasa ƙa'idojin saiti.

Wanda ya san waɗannan abubuwa, shi ake nema har gida. Wanda bai sani ba kuwa sau ɗaya yake cin kuɗin ƙauye.

INDA AKE KOYO

Ta wajen makarantu ɗan Betso bai yi rashin sa'a ba, domin Mubi garin karatu ne. Akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya, watau foliteknik, wadda aka kafa cikin 1979, tana kuma da sashen injiniyan lantarki. Akwai Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa cikin 2002, inda ake karanta kimiyyar fiziks. A Yola akwai Jami'ar Modibbo Adama, wadda ta fara a matsayin jami'ar fasaha cikin 1981, mai tsangayar injiniya. Ga wanda bai kai nan ba tukuna, akwai kwalejin kimiyya da koyon sana'a ta gwamnatin jiha a Mubi, da ta tarayya a Michika, inda yaro ke kama filaya da sukundireba tun yana ɗan shekara 15, ya fita da takardar NABTEB.

Ƙofar shiga sashen lantarki a foliteknik sananniya ce: kiredit a jarrabawar fita sakandare, ciki har da lissafi da fiziks da kemistiri, sa'an nan jarrabawar JAMB. Ƙaramar difloma shekara biyu ce, da 'yan watanni na koyon aiki a tsakani ƙarƙashin shirin hukumar ITF, sai shekara guda ta aiki a waje, kana babbar difloma ta wasu shekaru biyu. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowane tsada, kuma tun a aji huɗu na sakandare ake yinsa. Yaro ya ga abokansa sun guje wa ajin kimiyya saboda tsoron lissafi, shi ma ya bi su, uba yana Ikko bai sani ba, sai bayan shekara uku a tarar ƙofar ta rufe. Uban da ke bugo waya kowane mako yana tambayar farashin buhun masara, bai kamata ya rasa minti biyu na tambayar ajin da ɗansa ya zaɓa ba, da ko makarantar tana da malamin fiziks. Ta wajen kuɗi kuma, tun 2024 akwai asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ke biyan kuɗin makaranta a manyan makarantun gwamnati, a biya bayan an fara aiki.

Watannin koyon aiki su ne zuciyar al'amarin. Ɗalibai da yawa kan nemi ofishin da za a sa musu hannu a littafi su koma gida su kwanta. Wanda ya yi wayo kuwa yakan nemi kamfani ko ubangidan da ke ɗaura sola, ya ɗauki tsani, ya sha rana, ya ga yadda ake auna batir da mita. Difloma ba ta hau kwano. Haka nan wanda ya koya a hannu kawai, ba takarda, ƙaramin aiki zai yi ta yi, domin babbar kwangila ta asibiti ko makaranta tana bukatar shaida. Hukumar NBTE da ke Kaduna tana da tsarin gwada masu sana'ar hannu a ba su takardar shaidar ƙwarewa mataki-mataki, ko da ba su shiga babbar makaranta ba, hukumar NEMSA kuma ita ke ba masu aikin wayarin lasisi. Wanda ya haɗa hannu da takarda shi ke gaba.

Kada a ce wannan aikin maza ne kaɗai. Sa'ad da ake gina tashar Jami'ar Bayero, ɗalibai mata 20 aka ɗauka aka horar a wurin aikin. Lissafin kaya da zana tsarin haɗi da saita inbata ba su bukatar ƙwanji. Har ila yau akwai gidajen da namiji baƙo ba ya shiga kai tsaye, kuma a cikin gidajen nan ne firiza da keken ɗinki da injin markaɗe suke.

AIKIN BAI TSAYA A KWANON GIDA BA

Wanda ya fi kowa bukatar mai sola a ƙasar Mubi wataƙila manomin rani ne. A gefen kogin Yedzaram da fadamun da ke kewaye, injin ban ruwa mai shan fetur shi ne ke raba manomi da ribarsa. Famfo mai aiki da sola kuwa ba ya ma bukatar batir, domin lokacin da rana ta take shi ne lokacin da ake son ruwa. Sayensa da tsada, amma daga nan ba sauran zuwa gidan mai. Sai dai zaɓen famfon da ya dace da zurfin rijiya da faɗin gona shi ma lissafi ne, kuma ɗalibin aikin gona da ya fahimci wannan yana da abin sayarwa. Haka rijiyoyin burtsatse na unguwa, da wuraren shayar da shanu a garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na ƙasar nan. Haka ɗakunan shan magani na karkara, inda allurar rigakafi ke lalacewa in firji ya tsaya, inda kuma ungozoma ke karɓar haihuwa da fitilar waya.

Sa'an nan akwai ƙananan tashoshi, watau filin faifai guda da ɗakin batura da ke ba ƙauye ɗaya wuta ta turakunsa, kowa da mitarsa. Irin wannan tasha tana ɗaukar mai kula da na'urori da mai sayar da katin wuta da mai riƙe littafin kuɗi da mai gadi. Bayan su kuma ga waɗanda wutar ke buɗe wa sana'a: mai walda, mai niƙa, mai ƙanƙara, tela. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu, abin da ke nufin ko ɗalibin shari'a da na akanta suna da rabo a ciki.

To, amma fa kada a ɗauka an sami rijiyar zinariya. Hukumar IRENA ta ƙididdige ayyuka miliyan 16.2 a fannin makamashi mai sabuntuwa a duniya cikin 2023, fiye da miliyan 7 daga ciki a ƙasar Sin, Afirka baki ɗaya kuwa 324,000 kacal. Dalili shi ne ƙera faifai da batura, inda manyan ayyuka suke, a can ake yi. Masana'antar da hukumar NASENI ta kafa a Karshi kusa da Abuja ƙarama ce in an gwada da abin da ake shigowa da shi. Rabon ɗan Betso a yanzu shi ne ɗaurawa da gyara da sayarwa, kuma mafi yawansa aikin kai ne, ba albashin wata ba. Yana bukatar jarin kayan aiki, yana da lokacin kasuwa da lokacin zama, kuma kullum sababbin hannaye na shigowa. Fitilun kan titi masu sola da 'yan siyasa ke kafawa, waɗanda ke mutuwa ba mai waiwayarsu, sun isa shaida cewa kasuwar sayen sabo ta fi ta gyara ƙarfi a wurin hukuma. A wurin talaka kuwa gyaran ne a gaba, domin ba shi da kuɗin saye sau biyu.

Akwai kuma wani haɗari da ya shafi mazauna kurmi kai tsaye. Mataccen batir yana ƙarewa ne a hannun 'yan gwangwan, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, su fasa shi su zubar da ruwan su sayar da dalmar. Dalma guba ce, ba ta kuma nuna kanta sai ta gama ɓarna, musamman a jikin yara. Mutanen Zamfara sun ga haka cikin 2010, sa'ad da gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. A ƙarshen 2025 kuma binciken 'yan jarida ya nuna gubar a jinin mazauna Ogijo, kan hanyar Ikorodu zuwa Shagamu, inda masana'antun narkar da tsofaffin batura suke. Mai sola na gari ba ya barin mataccen batir a tsakar gida yara na wasa da shi, ba ya kuma fasa shi da hannu.

RABON MAZAUNA KUDU

Wanda ke zaune a Ikko yana da damar da na gida ba shi da ita. Kayan sola ta tashar jiragen ruwa suke shigowa, su sauka a kasuwar Alaba kafin su hau tirela zuwa Arewa. Saurayin da aka ƙwace wa babur, in ya jure shekara guda ko biyu a hannun mai sayar da kayan da mai ɗaura su, zai san na gaske da jabu, zai san dillalai, zai kuma san farashin asali, abin da zai hana a cuce shi ran da ya buɗe nasa shagon a Mubi. Cibiyar horar da ma'aikatan wuta ta ƙasa, watau NAPTIN, wadda aka kafa cikin 2009, tana da rassa a Ijora da Akangba cikin Ikko, da kuma Kainji da Kaduna da Kano da Jos, tana kuma ba da gajeren horo kan ɗaura sola. Ƙungiyoyin 'yan gari da ke tara kuɗi duk wata don biki da jana'iza da gyaran masallaci ko coci, ba abin da zai hana su ware kason ɗaukar nauyin yaro ɗaya ko biyu zuwa irin wannan horo, da sharaɗin in sun gama su kula da rijiyar gari da ɗakin shan magani.

Wanda kuma ke shirin aika kuɗin sola gida bana, kafin ya tura ko kwabo ya sa a rubuta masa dukan kayan da za a jona da awannin da za su yi suna aiki, ya tambayi mai ɗaurawa yadda ya kai ga girman faifai da batirin da ya faɗa. In ya kasa bayani, a nemi wani. Ranar da za a ɗaura kuma a sa yaron gida ya tsaya ya riƙe tsani, ya ga inda kowace waya ta bi.

Rajistar JAMB a farkon shekara ake buɗe ta, kuma tun 2021 ba a yi wa ɗalibi rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN. Wanda ɗansa ko 'yarsa ke aji shida, gara ya sa a nemo lambar tun da kaka, a kuma duba cewa sunan da ranar haihuwar da ke kanta sun yi daidai da na takardun makaranta, domin gyaran harafi ɗaya kan ci makonni, rajista kuwa ba ta jira.